Abin da kaset ɗin rediyon Niyok suka koya mini a kan aikina

Ni mai shirya shirin kiɗa ne a wani gidan rediyon FM, kuma mutum biyun da suka fi yi mini tasiri a wannan sana'a ban taɓa ganinsu ido da ido ba: Stretch Armstrong da Bobbito Garcia. Daga 1990 zuwa 1998 suna da fili a WKCR, tashar ɗaliban Jami'ar Columbia da ke birnin Niyok, a kan mita 89.9 zangon FM. Daren Alhamis suke shiga, daga ƙarfe ɗaya zuwa biyar na asuba, lokacin da babu mai talla da ke marmarinsa. Ko sisi ba a biyansu. Duk da haka, a 1998 mujallar The Source ta ce a tarihin hip-hop, wato gambarar zamani, ba a taɓa shirin rediyo kamar nasu ba.

Sunayen mawaƙan da suka ratsa wannan ɗan situdiyo yau sun cika duniya. Nas ya je tun kafin kundinsa na farko ya fito a 1994. Notorious B.I.G. ya je ba shi da kamfani. Faifan da Wu-Tang Clan suka buga da kuɗinsu a 1992 ya samu shiga a can tun manyan tashoshi ba su san da su ba. A watan Fabrairun 1995 Big L ya zo da Jay-Z, wanda a lokacin ko kundi ɗaya bai fitar ba, suka yi ta karɓa-karɓa a kan kiɗa guda. Big L an kashe shi a unguwar Harlem ta Niyok a 1999, abin da suka rera a wancan dare na 1995 kuwa har yau ana saurarensa.

Lissafa sunayen nan yanzu abu ne mai sauƙi, domin mun san inda kowa ya kai. Abin da ya fi kama ni da na zauna ina sauraren cikakkun shirye-shiryen da mutane suka ɗora a intanet shi ne sauran, waɗanda ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Yaro zai shigo daga sassan birnin irin su Bronx ko Brooklyn, a miƙa masa makirufon da aka miƙa wa Nas, a ba shi lokacinsa, in ya yi abin kirki ɗakin ya kaure da ihu, in ya kwafsa a yi masa dariya a gabansa. Babu wanda ya san gobe a ɗakin nan. Kunne kawai suke da shi, kuma sun yarda da kunnensu har suna sa wa dubban mutane kaset ɗin gwaji da aka naɗa a ɗakin kwanan wani. Daga nan na gane cewa mai shirya kiɗa, aikinsa ya riga kowa ji. In sai waƙa ta zaga wayar kowa a gari sannan zan sa ta, to ban ƙara wa mai sauraro komai ba.

Yadda shirin ya iso gare mu ma darasi ne. Yawancinsa masu sauraro ne suka naɗa a gida. Kaset mai minti 90 yana ɗaukar minti 45 a kowane gefe, shiri kuma awa huɗu ne, don haka sai mutum ya hana idonsa barci yana jiran lokacin juyawa. Kana cikin sauraro za ka ji wurin: ana tsakiyar baiti sai ɗif, ƙarar maɓalli, sannan murya ta dawo an riga an wuce layi uku ko huɗu. Ga shuuu ɗin kaset a ƙarƙashin komai, ga tashar da ke kusa tana kutsowa in eriya ta motsa. Haka aka yi ta kwafa daga hannu zuwa hannu har kaset ɗin suka kai Landan da Jamus da Japan, kowane kwafi ya fi na baya dusashewa. Kewar da masu shekaru suke yi wa zamanin, ina ganin rabinta kewar wannan wahala ce, domin abin da ka hana kanka barci a kansa ba ka yi masa riƙon sakainar kashi.

Akwai dalilin da ya sa waƙoƙi da yawa na lokacin ba sa ko'ina sai a irin waɗannan kaset. Kiɗan hip-hop na wancan zamani ana gina shi ne da gutsattsarin tsofaffin faya-fayen garmaho. A 1991 wata kotu a Niyok ta yanke hukunci a kan mawaƙi Biz Markie saboda ya ɗauki kiɗan wani ba izini, daga nan kamfanoni suka daina fitar da waƙa sai an biya mai asalin kiɗan. In kuɗin ya yi yawa ko mai shi ya ƙi, sai a sauya kiɗan ko a jingine waƙar. Amma kafin a kai nan, sau da yawa DJ ya riga ya sa ta da tsakar dare, wani kuma ya danna maɓalli a ɗakinsa. Wasu kuma faifai kaɗan aka buga, da farar takarda ba suna ba hoto. Bobbito da kansa ya buɗe ƙaramin kamfani, Fondle 'Em, a 1995, kuma ta nan mawaƙi MF DOOM ya sake fitowa bayan masana'antar ta juya masa baya.

Sai na dubi namu. Kullum akwai samari masu gambarar zamani da Hausa a bakin ƙofar gidan rediyo, waƙarsu a filash ko a waya. "Oga, don Allah ko minti ɗaya ka saurara," abin da suke cewa ke nan, kuma yawanci amsar da suke samu ita ce su je sashen talla. Sayen fili ba laifi ba ne a kan kansa. Mr. Magic, wanda ya buɗe wa rap ƙofar rediyo a Niyok, da kuɗinsa ya sayi lokaci a tashar WHBI a 1979 kafin tashar WBLS ta ɗauke shi a 1982. Sai dai shi ya sayi filin ne don ya sa abin da kunnensa ya zaɓa. Inda aljihun mawaƙi ne ke zaɓe, wanda ya fi iya waƙa yana nan tsaye a waje. Amurka ma ta ɗanɗana irin wannan ta wata hanya: dokar sadarwa ta 1996 ta cire iyaka a kan yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai mallaka a faɗin ƙasar, kamfanin Clear Channel ya tara sama da 1,000, jerin waƙoƙin da za a sa ya koma fitowa daga ofis, DJ ya zama mai danna abin da aka ba shi.

Ba duk abin da ke cikin kaset ɗin nake sha'awa ba. Akwai ashar da batsa da ba zan sa wa jama'armu ba ko da doka ta bari, kuma ina faɗa wa yaranmu haka kafin su taɓa makirufo.

Na roƙi shugabanninmu rabin awa a ƙarshen shirin dare, lokacin da babu talla, aka ba ni. Ba a biyan komai, sharaɗin kawai in saurari waƙar da kaina tun daga farko har ƙarshe, kuma in mawaƙin ya zo ya yi baiti kai tsaye a kan kiɗan da bai taɓa ji ba. Wasu suna daburcewa. Wata yarinya da ta zo da yayanta ta rufe ido ta zuba baitoci a kan tsadar kuɗin makaranta, har injiniyanmu ya cire abin kunnensa yana kallonta ta gilashi.

Kwamfutar da ke naɗar shirye-shirye a wurinmu takan goge tsoho in ta cika, kuma masu saurarenmu ba sa zama da kaset kamar na Niyok. Saboda haka duk daren da muka gama, kafin in tafi gida nakan kwashe rabin awar nan in zuba a wata ma'ajiya tawa daban, in rubuta kwanan wata da sunan kowane mawaƙi da unguwarsu da wanda ya haɗa kiɗan, sannan in tura wa kowannensu nasa kwafin ta WhatsApp.