Hannun Kawu

Juma'a, 15 ga Mayu 2020. Azumi na 22.

Tun bayan asham nake juyi a kan tabarma, barci ya ƙi zuwa, shi ya sa na jawo waya. Ku yi haƙuri da ni, yau surutun da yawa.

Safiya dai lafiya lau. Wuta ta zauna har hantsi, na gama wuyan riga uku, har ina 'yar waƙata a kan keke. Auta ya je babbar kasuwa sayo lastik da zare, ya dawo da canjin da bai kai na jiya ba. An ƙara. Komai an ƙara. Tun da Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agustan 2019 kayan Kantin Kwari sai ta ɓarauniyar hanya suke iso mana, ga cutar korona ta zo namu na Nijar ma suka rufe ta wannan gefe. Tsakanin Ɗan Isa da Jibiya yanzu ƙofa ɗaya ce da kwaɗo biyu. Amma masu ɗinkin Sallah ba ruwansu da wannan, kowa "jajibiri nake son kayana".

Yau ce Juma'ar farko tun da aka rufe masallatai a watan Maris. Gwamnati ta ce daga shekaranjiya Laraba a buɗe, masallatai da coci-coci duka, aka kuma ɗage dokar hana fitar dare a Yamai. Da sharaɗi: a wanke hannu da sabulu, a sa takunkumi, a bar tazarar mita guda, kada a yi musabaha. Na yi wanka tun sha biyu, na sa farar shaddata, na ɗaura takunkumin da na ɗinka wa kaina da ragowar ƙyallenta. Wallahi da na ji lasifika ta ɗauka sai da idona ya kawo ruwa. Kusan wata biyu ina jan Uwargida da yara salla a tsakar gida, ni da ƙira'ata ba ta wuce ta gida ba.

A bakin ƙofa samari sun ajiye bokiti mai famfo da sabulu, ana bin layi. A ciki sahun farko da na biyu an bar gibi tsaf, kowa da dardumarsa. Da liman ya juyo zai ce a daidaita sahu, a haɗa kafaɗa, kamar yadda bakinsa ya saba shekara da shekaru, sai ya tsaya a tsakiyar magana ya yi gyaran murya. Wasu suka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Mu da muka samu waje kuwa inuwa ce ta raba gardama. Rana tana dukan ƙwaƙwalwa, ga ƙishirwar azumi, ga bedi guda biyu kacal a bakin titi. Duk wanda ya zo sai ya matso cikin inuwa. Kafin a tayar da iƙama mun cunkushe kamar goro a huhu, mai takunkumi da marar shi.

Ana sallamewa na hango Kawu. Rabona da shi tun kafin azumi, sai dai gaisuwa a waya. Ya rame. Na ratsa mutane na je na rusuna, shi kuma ya miƙo hannu yana murmushi, irin murmushinsa na gefen baki. Ni kuma na ɗora hannuna a ƙirji.

Hannunsa ya tsaya a iska. Ban san daƙiƙa nawa ba, amma na ga zoben azurfarsa, na ga tabon da allurar keke ta bar masa a ɗan yatsa. Sannan ya janye shi a hankali ya cusa a aljihu.

"Mine ne? Kuturu na koma?"

"A'a Kawu, ku yi haƙuri, ba haka ba ne. Likitoci ne suka ce..."

"Likitoci." Ya gyaɗa kai. "To likitocin sun hana ka karɓar kuɗi a hannun mutane?"

Na yi shiru. Tsofaffin da ke gefensa suka fara kallonmu.

"Wanga ƙyalle da ka ɗaure baki da shi, nawa ka sayar tun da aka fara?"

"Kawu..."

"Ai faɗuwar wani tashin wani. Allah shi ƙara kasuwa, ɗana."

Ya sa takalminsa ya wuce. Bai ɗaga murya ba ko kaɗan, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Kun san ba ƙarya ya yi ba. Na sayar. A watan Afrilu, lokacin da ɗinkin biki ya tsaya cik saboda an hana taron da ya wuce mutum hamsin, takunkumin nan ne ya ciyar da gidana. Dala hamsin nake bayarwa da farko, da teloli suka yi yawa a ciki muka dawo dala ashirin. Da kuɗinsa na sayi geron azumi. Amma a ce ina son cutar ta daɗe don in ci kasuwa? Kuma daga bakin Kawu?

Da la'asar na leƙa fada, ko zan huce. Ashe can ma maganar ke nan, ba shayi ba komai, bakuna a bushe amma gardama kamar an ƙoshi. Mai gyaran babur ya ce shi dai har gobe ba a ba shi amsa ba: kasuwa ba ta rufe ko yini ɗaya, kabu-kabu na ɗaukar mutum biyu har uku, to me masallaci ya yi da aka fara da shi? Ya ce gwamnati ba don cuta ta tafi ta buɗe ba, tsoro ta ji, tun daga abin da ya faru a Mirya zuwa tayoyin da samari suka ƙona a Lazare a Yamai gab da azumi, ga goman ƙarshe ta shigo, wa zai iya tsare mutane a gida? Mushe, malamin lakwal (makarantar boko), ya ce to sai me, in tsoro ne ya sa aka buɗe ai wannan dalili ne na a ƙara kiyayewa. Ya ce ministan ƙwadago, Mohamed Ben Omar, farkon watan nan ya rasu, kuma cutar ce. Ya ce ku kunna BBC ku ji abin da masu haƙar kabari suka riƙa faɗa a Kano cikin Afrilu, Kanon da rabinmu ke da 'yan uwa a ciki. Ya ce Saudiyya da kanta ta dakatar da umra, mu mun fi su son Ka'aba ne? Wani daga baya ya ce wannan ciwon masu hawa jirgi ne, zafin Maradi kaɗai ya ishe shi. Aka kwashe da dariya. Mushe bai yi ba, shi lakwal ɗinsa har yanzu a rufe, an ce sai 1 ga Yuni.

Suka juyo kaina, wai tela me ka ce, kai da ke cin moriyar abin. Da wasa suka faɗa. Na tashi na ce ina da aiki.

Ni a raina ina ganin buɗewar daidai ce. Ba za ka hana mutum sahu ka bar shi ya je ya yi turereniya wajen masu tumatir ba, ko duka ko babu, kuma duka ɗin ba mai iyawa a garin da sai an fita ake samun na cefane. Ina kuma ganin Mushe ya fi mai gyaran babur gaskiya a kan cewa ciwon yana nan. Duka biyun na yarda da su, kuma ba wannan ne ya hana ni barci ba.

Abin da ya hana ni shi ne wanda ya faru da na koma shago. Wani alhaji ya zo awo. Na zagaya masa tef a wuya, fuskata da tasa ba ta kai taki ɗaya ba, ina jin hucin numfashinsa a goshina, takunkumina kuwa yana rataye a haɓa tun da na dawo daga fada. Ya zaro jika biyar daga aljihu, takardu duk sun jiƙe da gumi, na karɓa da hannu biyu har da godiya. Sai da ya fita na tsaya ina kallon hannun. Yau mutum nawa na taɓa? Masu kawo ɗinki, mai ƙanƙara, yaron da ya kawo gawayin guga, mutanen da muka matse da su a ƙarƙashin bedi. A duk faɗin Maradi mutum ɗaya tak na hana wa hannuna, shi ne wanda ya ɗauke ni ranar da aka yi bakwai ɗin Baba, ya zaunar da ni a kan kekensa ƙafata ba ta ko kai feda ba. Da hannun nan ya riƙe nawa a kan almakashi har na iya yanka miƙaƙƙe.

Kuma dalilin da ya sa na yi hakan ban faɗa masa ba. Kawu yana da ciwon suga, ga tarin da bai sake shi ba tun hunturu. Duk wanda ya saurari bayanin likitoci a rediyo ya san irinsu ne abin ya fi kayarwa. Ba tsoron ya shafa mini nake ba. Ni ne mai yawo cikin mutane, ni nake tsoron in kai masa. Amma da ya tambaye ni sai na ɓuya a bayan likitoci kamar wani ma'aikacin gwamnati.

Na ba Uwargida labari tana tace kunu. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "To da ka ce masa haka mana." Kamar abu mai sauƙi. A gaban tsofaffin unguwa zan ce wa Kawu ya tsufa, ba shi da lafiya, ina jin tsoron ya mutu?

Buɗa baki: dabino, kunun tsamiya, ƙosai, kwaɗon zogale. Ƙanƙarar ta narke kafin a kira salla. Hadari ya taso ta gabas ya watse, sai ƙura.

Na aiki Auta gidan Kawu da kwanon kunu, na ɗora takunkumi biyu a kan murfin, na farar shadda, masu ninki uku, waɗanda na fi ɓata wa lokaci. Bayan isha ya dawo. Kwano a wanke, an zuba dabino a ciki kamar yadda Inna ta saba. Takunkuman suna kan murfi a ninke yadda na aika su. Na tambaye shi Kawu ya ce wani abu? Ya ce a'a, cewa kawai ya yi a gaishe ka da aiki.

Shaddarsa ta Sallah tana nan a shago, ruwan toka, tun farkon azumi ya aiko da ita. Kowace shekara da tsohon awonsa nake yankawa, yana rubuce a bangon shago da alli. Bana ba zai yi ba, na ga wuyansa yau, rigar za ta yi masa yawa. Dole gobe in ɗauki tef in je. Sallah saura mako guda da 'yan kwanaki, kuma ban san yadda ake auna wuyan mutum daga nisan mita guda ba.

Ƙarfe biyu saura. Bari in gwada rufe ido kafin masu tashin sahur su fara buga galan.