Darussan aikin cire gubar da ke maƙale da albumin

Kuskure mafi tsada a aikin cire guba daga jinin masu wankin ƙoda shi ne a gwada gawayi ko resin (ƙananan ƙwayoyin roba masu kama guba) a ruwan gishiri zalla, a kai wa shugaban sashe sakamakon. A ruwan da babu furotin, indoxyl sulfate da p-cresyl sulfate, gubobi biyu da ke taruwa a jini idan ƙoda ta gaza, a sake suke yawo, gawayin da aka sarrafa kuwa nan da nan yake kwashe su. A jinin majiyyaci fiye da kashi 90 cikin ɗari nasu suna maƙale da albumin, furotin ɗin jini wanda nauyinsa ya kai dalton 66,000, ba ya kuma ratsa matatar injin wankin ƙoda. Ɗan abin da ke sake shi kaɗai ake kamawa, sai a jira albumin ya saki wani. Da an maimaita gwajin da albumin giram 40 a lita, a ɗumin digiri 37, sai adadin ya rushe. Kafin nan shugaba ya riga ya saka adadin farko a takardar neman tallafi. Ranar bayani kuma ƙaramin ma'aikacin da ya yi awon ake ɗora wa laifi, wanda ya ce a bar albumin saboda tsada yana zaune ya yi gum.

Lafiyayyar ƙoda ba tace wannan guba take yi ba. Ƙananan bututunta ne ke fizge ta daga jini ta hanyar furotin masu jigila, OAT1 da OAT3, su tura ta fitsari. Inji tacewa kawai ya iya. Shi ya sa a awa huɗu yuriya ke sauka da kashi 65 zuwa 70, gubobin nan biyu kuma da ƙyar su sauka da kashi ɗaya cikin uku. Kt/V, ma'aunin yawan yuriyar da wanki ya cire, ya kai 1.2 ba ya nufin an taɓa su.

Katirij, wato gwangwanin da ke ɗauke da gawayi ko resin, ana haɗa shi kafin matatar injin, domin matatar ta daidaita ɗumi da gishirin jini kafin ya koma jiki. A wanke shi da ruwan gishiri mai heparin, maganin hana jini daskarewa, yadda kamfanin ya tsara, ana bubbuga shi har iska ta fita sarai. Iskar da ta rage ita ke jawo daskarewar jini, ta kuma sa jini ya bi gefe guda ya bar rabin resin ba aiki. Jinin da ke wajen jiki ya ƙaru, don haka a sa ido kan faɗuwar awon jini a mintocin farko. Bayan kamar awa biyu katirij ya ƙoshi, a cire shi. A riƙa auna filatilet, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini: tun 1964 da Yatzidis ya gwada gawayi a Girka ake ganin faɗuwarsu, har sai da Thomas Chang na Kanada ya kawo dabarar lulluɓe gawayin, lulluɓin kuma yana rage saurin kamu. Gawayi ba ya zaɓe, yana ɗibar suga da kalsiyam da magunguna, saboda haka maganin da zai iya jira a ba da shi bayan wanki. Katirij ɗin resin HA130 na kamfanin Jafron, duk da tallan da ake yi masa, ya fi ƙarfi kan wasu abubuwan daban da ke taruwa a jini, beta-2 microglobulin da PTH, fiye da kan waɗannan gubobi.

A auna jimillar guba da wadda ke sake, kowace daban, a kuma yi gyara saboda kaurin da jini ke yi idan an cire ruwa. A sake ɗibar jini bayan awa guda, domin gubar tana dawowa daga tsoka. Wajen awo, kada a yi amfani da asid mai ƙarfi a cire furotin daga samfurin jini. Asid ɗin ne ya yi shekaru yana farfasa p-cresyl sulfate ana rubuta p-cresol.

AST-120, gawayin da ake sha, wanda Japan ta amince da shi a 1991, yana kama indole a hanji kafin hanta ta mai da shi indoxyl sulfate, amma gwajin EPPIC na 2015 mai mutum sama da 2,000 bai nuna ya jinkirta lalacewar ƙoda ba. Ibuprofen yana ture gubar daga jikin albumin: miligiram 800 da aka zuba a layin jini kafin matatar injin ya ninka fitar gubar kusan sau uku a gwajin 2019, sai dai ba wanda zai ba da shi kowane wanki, musamman ga mai sauran fitsari, tunda wannan ragowar ƙoda tana fitar da gubar dare da rana, inji kuwa awa goma sha biyu ne a mako.