Godiya: katin zama na shekara 10 ya fito

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Garwa da na gida Maraɗi.

Alhamdulillahi, jiya da hantsi na karɓo kat de rezidan ɗina, wato katin zama a Kamaru na shekara 10. Da aka miƙo mini, sai da na juya shi gaba da baya kamar mai duba sabon kuɗi, har na bayana a layi ya ce, "Malam, naka ne, matsa mana."

Wanda ya bi hanyar ya san ba a kwana ɗaya ake zuwa nan ba. Dokar Kamaru ta 1997 ta ce sai baƙo ya cika shekara 6 a jere yana zaune a ƙasar. Kafin nan kat de sejur ce, wato takardar zama ta ɗan lokaci, mai shekara 2, ta ƙare ka sabunta. Sau uku na yi. Resefisen ƙarshe kuwa, wato takardar shaidar da ake riƙewa kafin kati ya fito, a leda na naɗe shi cikin aljihun gaba, amma duk da haka zufar Garwa ta watan Afrilu ta ci tawadar har lambar ta dushe. Duk shingen da muka tarar a hanyar Ngaundere, gabana kan faɗi tun mota ba ta tsaya ba.

Baba Alhaji, ku ne kuka ba ni gefen rumfarku a babbar kasuwa ranar da ba ni da komai sai keken ɗinki na aro, kuka kuma matsa mini in riƙa adana rasit ɗin haraji. A lokacin ina ganin takura ce. Su na tarar a gaba da aka zo haɗa dosiye, wato takardun neman katin. Allah Ya saka muku da Aljanna.

Jauron unguwarmu ta Yelwa da ya shaide ni, mi yetti, na gode. Ƙanena ɗan lise, wato sakandare, da ya rubuta mini takardar neman da Faransanci, ya ƙi karɓar ko dala, Allah Ya ba ka sa'ar jarrabawa. Uwargida, kin yi haƙuri da kuɗin cefane da suka tafi wajen tambur, wato kan sarkin da ake manna wa takardu. Inna, addu'arki ce.

Masu ba ni shawarar in sayi takardar haihuwa in zama ɗan ƙasa dare ɗaya, na san tausayi ne, amma da na bi ku da yau ba barci nake ba.

Akwai 'yar sadaka ranar Juma'a bayan la'asar a ƙofar gida. Kowa ya zo, ba sai an aika masa ba.