Aikin tafin ƙafa da aka yi mini a Jidda

Ni ba da shimfiɗaɗɗiyar ƙafa aka haife ni ba. Sai da na haura hamsin, ina dafa wa alhazai tuwo da masa a unguwar Misfala ta Makka, tsaye tun asuba har azahar, sannan ƙafar dama ta fara ciwo a ƙasan idon sawu ta ciki. Daga ciwo sai kumburi, can kuma na ga tafin ya kwanta male-male, takalmina yana cinyewa ta gefe guda. Safa da Marwa, tafiyar kusan kilomita uku, ta gagare ni sai a keke.

Likitan ƙashi a Jidda ya sa na dafa bango, na tsaya da ƙafa ɗaya, ya ce in ɗaga diddige. Ƙememe ta ƙi. Ya kira 'yata ta tsaya a bayana, ya ce ta ƙirga yatsun da take hangowa. Ta ce, "Umma, na hagu biyu, na dama har huɗu." Ƙafar ta riga ta karkace waje. Ya ce akwai jijiyar da ke saukowa daga bayan ƙwauri, ta zagaya idon sawu, ita ke riƙe da lanƙwasar tafi. In ta saki, tafin ya zube. Ta fi sakin mata da suka wuce shekara 40, musamman masu ƙiba, suga ko hawan jini. Ni kuwa duk na haɗa.

Ba wuƙa aka fara ba. Shimfiɗar takalmi, takalmin roba mai tsayi, gashin ƙashi, watanni ana fama, ciwon na nan. Sa'ata ɗaya, ƙafar tana lanƙwasuwa in ya murza ta da hannu. Da ta ƙage, da sai an haɗe gaɓoɓin gaba ɗaya, wannan kuwa wani babban aiki ne daban.

Ta gefen diddige suka huda kamar santimita ɗaya, suka zura siririn ƙarfe mai juyawa, suna kallo a hoton ƙashi, suka yanke ƙashin diddigen, suka matso da shi ciki, suka ɗaure da ƙusoshi masu zare. Jijiyar da ke lanƙwasa ƙananan yatsu kuma aka karkato ta ta karɓi aikin wadda ta mutu, nan kam yankan ya ɗan fi tsawo. Kafin a taɓa ni ma sai da sugana ya sauka, don kada ciwo ya ƙi warkewa.

Masu zuwa dubiya su ne suka fi ba ni aiki. Da sun ji hujin bai kai faɗin farce ba, sai su ce, "Haba Hajiya, ai gobe ma kya taka." Fata ce aka tausaya wa, ƙashi kuwa yanke shi aka yi, kuma mako 6 yake so ba a ɗora masa nauyi ba. Daga nan a koma takalmin roba, a koyi taku a hankali. Kumburin yamma yakan kai shekara bai gama tafiya ba.

Abin da ya cece ni shiri ne. Na bari sai Muharram, bayan alhazai sun watse kasuwa ta lafa. Gidanmu kan dutse yake, matakala ba iyaka, don haka na tare wajen yayata a ɗakin ƙasa. Aka sayo kujerar bayan gida, don tsuguno ba ya yiwuwa. Salla a zaune, alwala kuma malam ya ce in shafa kan ɗaurin. Allurar hana daskarewar jini 'yata ke yi mini a ciki, tana yi tana runtse ido.

Yanzu ina ɗawafi da ƙafata, amma a bene, inda ba turereniya. Masa a zaune nake toya ta, tuƙin tuwo na bar wa yara. Ta hagun ma ta fara 'yar alama, likita ya sa mata shimfiɗa, ya ce in rage nauyi mu ga abin da hali zai yi.