Yadda muke killace karibu masu ciki a tsaunukan Klinse-Za

Karibu dangin barewa ce ta ƙasashen ƙanƙara, kuma a danginta ita kaɗai ce mace ma ke yin ƙaho. Garken da muke yi wa aiki shi ne na Klinse-Za, a arewa maso gabashin lardin Birtish Kolombiya na Kanada, ƙasar al'ummomin asali na West Moberly da Saulteau. Su ne masu aikin, su ke yanke shawara, mu ma'aikata da masana muna bin tsarinsu. Dattawansu kan ce a da karibu sun cika ƙasar kamar ƙwari. Madatsar ruwa ta W.A.C. Bennett da aka gama a 1968 ta datse musu hanyar ƙaura, saran katako da haƙar kwal da hanyoyin mota suka ƙarasa sauran. Tun shekarun 1970 mutanen suka haramta wa kansu farautarsu, amma duk da haka a 2013 guda 38 suka rage.

Ba yunwa ce ke kashe su ba, kyarkeci ne. In aka sare tsohon daji, ƙananan itatuwa su tsiro, barewa da wata ƙatuwar 'yar'uwarta da ake kira mus su yawaita, kyarketai su biyo su, su haɗa da karibu. Ita kuwa karibu ɗa ɗaya take haifa a shekara, kuma yawancin asarar a makonnin farko bayan haihuwa take faruwa. Shi ya sa daga 2014 aka fara killace mata masu ciki a cikin shinge a can saman dutse.

Kamun a watan Maris ake yinsa, lokacin ƙanƙara na da zurfi, kafin lokacin haihuwa ya zo. Daga jirgi mai saukar ungulu ake harba raga a kan dabbar. Nan da nan a sauka, a rufe mata ido, a ɗaure ƙafafu, a fesa mata maganin kwantar da hankali ta hanci. Babban haɗarin a nan shi ne doguwar kora: in dabba ta yi gudu fiye da kima jikinta ya ɗau zafi, naman jikinta kan lalace, ta mutu bayan kwanaki ko da ta tashi garau. Don haka in 'yan mintoci suka wuce ba a same ta ba, a ƙyale ta. A bakin shinge ake auna nauyinta, a ɗebi jini don tabbatar da ciki, a sa mata abin wuya mai na'urar bin sawu.

Shingen baƙin yadi ne mai kauri da ake ɗaurawa a jikin itatuwa, don kada na ciki su ga waje su yi ta faɗa masa, kada na waje kuma su ga na ciki. A bayansa akwai wayar lantarki saboda kyarkeci da beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai cin nama. Masu tsaro 'yan al'ummomin biyu suna kwana a wurin, suna karɓa-karɓa. Kullum sai an zagaya shingen a ƙafa, domin reshe ɗaya da iska ta karya ya faɗa kan waya ya isa ya kashe wutar, ƙanƙara kuma in ta taru a gindin yadi sai ta zama matakala.

Abinci ne ya fi ba mu wahala. A lokacin sanyi karibu na rayuwa ne da laikin, wani tsiro mai kama da busasshiyar gansakuka da ke fitowa a ƙasa da jikin tsofaffin itatuwa. Da hannu mutanen gari, har da 'yan makaranta, suke tsinto shi a buhuna, a shanya ya bushe, don in an adana shi da laima ruɓewa yake yi. Da shi ake farawa, sannan a riƙa gauraya abincin kamfani kaɗan-kaɗan har cikinsu ya saba. Duk wanda ya taɓa ɗura wa rago hatsi farat ɗaya ya san abin da ke biyo baya: kumburi da zawo. Kuma ba a kwashe laikin ƙaf a wuri guda, don 'yan milimita kawai yake ƙaruwa a shekara.

Haihuwa daga tsakiyar Mayu zuwa Yuni ce. Daga nesa muke kallo da tabaron hangen nesa. In an kama jariri don sa masa alama, da safar hannu ake yi, cikin gaggawa, kada uwar ta ƙi shi. Mun koyi cewa sakin wuri asara ne. Gara a jira ƙarshen Yuli, 'ya'yan sun kai kusan wata biyu, ƙafarsu ta yi ƙwari.

Shinge shi kaɗai bai isa ba. An haɗa shi da rage kyarketai, aikin da ba kowa ke so ba, har a cikinmu. Da biyun garken ya kai 101 a 2021. Amma muddin dajin na nan a tsattsage, ranar da aka daina, adadin zai koma ƙasa. Wannan ne ya sa yarjejeniyar Fabrairun 2020 tsakanin al'ummomin biyu da gwamnatin lardi da ta tarayya ta keɓe kusan murabba'in kilomita 8,000 don kare mazaunin karibu. Yanzu rabin hankalinmu yana kan tsofaffin hanyoyin da kyarkeci ke bi a guje ya hau dutse. Mota mai haƙa ce ke shiga can ƙuryar hanya tana fitowa da baya, tana yin ramuka da tudu, tana kwantar da gungume a gicciye, mu kuma muna biye muna dasa ƙananan itatuwa a kan tudun, inda ruwa ba ya kwanciya.