Tabarau mai gumi a hawan Shafa

Wata Juma'a ce cikin watan Janairu. Mu biyar muka kwana a Ɗa'if, muka yi sallar Asuba, muka ɗaure kekuna a bayan mota muka nufi Shafa, wani yanki na kan duwatsu kusa da Ɗa'if. Wanda ya saba da Jidda bai san irin wannan sanyin ba. A Jidda kana gaɓar teku ne, a Shafa kuwa ka haura mita 2,000 sama da teku, kuma duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Muka sauke kekunan hannuwanmu na ƙanƙara, kowa na hura tafinsa.

Hawan farko doguwar hanya ce ta tsakuwa da ke ratsa itatuwan kan dutse da Larabawa ke kira ar'ar. Na sa ƙaramar giya, ina taka feda a hankali, numfashi na fita kamar tururin tukunya. Ko minti 10 ba mu yi ba tabarau ɗina ya fara dushewa daga sama, wajen gira, farin yana saukowa har ya rufe rabin gilashin. Na goge da yatsa, ya dawo. Na goge da bakin riga, ya dame da gumi da man kare rana da na shafa, komai ya koma dishi-dishi. Da muka kai ƙololuwa sai na cire shi na jefa a aljihun baya, na ce in mun gangara na wanke.

Ɗan yayata ne a gabana a gangaren. A wata kwana kafaɗarsa ta ture reshen ƙaya, reshen ya dawo da ƙarfi ya same ni a idon hagu. Ban faɗi ba, Allah ya taimake ni na kama birki na tsaya, amma hawaye ya ƙi tsayawa, ido ya ƙi buɗuwa. Yaron ya yar da kekensa ya dawo a guje yana cewa, "Kawu, kar ka murza, don Allah kar ka murza, bari in zuba maka ruwa." Likitan da ya duba ni da yammacin ranar ya ce ƙayar ta karci fatar nan mai haske da ke gaban ƙwayar ido, ya ba ni maganin ɗigawa, na yi kwanaki ban fita aiki ba. Da na je gaida Hajiya a Makka ta ga idon ja wur, ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Guda biyu Allah ya ba ka, ba a sayar da na uku a kasuwa."

Tabarau ɗin nan ba na banza ba ne, na sa kuɗi sosai na saye shi, kuma a jikin kwalinsa an rubuta cewa ba ya gumi. Amma a lokacin da na fi buƙatarsa yana cikin aljihu. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan duk kwanakin da na yi a kwance.

Sana'ata gyaran na'urar sanyaya ɗaki ce, wadda a nan kowa ke kira mukayyif. Shekara 14 ina hawa rufin gidajen mutane ina bin bututun da ke ɗigar ruwa, kuma kullum bayani ɗaya nake yi wa masu gida: iska mai ɗumi tana riƙe danshi da yawa, in ta taɓa abu mai sanyi sai ta saki danshin ya zama raɓa. Duk ɗan Jidda mai sa tabarau ya san wannan a watan Agusta, in ya fito daga mota mai sanyi ya shiga iskar bakin teku, nan take gilashin ya yi fari fat. A kan dutse abin juyawa yake yi. Iskar waje ce ke sanyaya gilashin, danshin kuma daga jikinka yake fitowa, daga gumin goshi da numfashi. Ƙananan ɗigon ruwa dubbai su zauna a cikin gilashin, kowanne yana watsa haske ta nasa ɓangaren, shi ya sa kake ganin fari maimakon hanya.

Da na kalli abin da idon sana'a sai na ga inda na yi kuskuren saye. Tabarau ɗina yana da firam mai kauri da ya zagaye gilashin duka, yana manne da girata a sama, yana zaune a kan kumatuna a ƙasa. A shago wannan ne ya burge ni, na ce ƙura ba za ta samu hanya ba. To iska ma ba ta samu hanya ba. Ɗaki ne rufaffe ba taga, ga tukunya na tafasa a ciki.

Saboda haka abu na farko da nake dubawa yanzu shi ne rata. Ina sa tabarau in tsaya gaban madubi in juya gefe: akwai fili tsakanin saman gilashin da girata? In na yi murmushi kumatuna suna ɗaga shi? In na ƙifta gashin idona yana sharar gilashin? In ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, ajiye shi nake yi komai kyansa. Wanda nake amfani da shi yanzu ba shi da firam a ƙasa, kuma akwai 'yan tsagogi a saman gilashin da gefensa da iska ke bi ta fita. 'Yar robar da ke zama a kan karan hanci tana lanƙwasuwa, in na matse ta sai gilashin ya ɗan matsa gaba ya bar fuskata. Ratar da ba ta fi kaurin tsabar kuɗi biyu ba ta canza mini hawan gaba ɗaya. Mu da yawanmu karan hancinmu faffaɗa ne kuma bai da tudu sosai, tabarau da yawa kuwa an ƙera su ne don dogon hanci, sai su zame su zauna a kan kumatu. Kada ka sayi na abokinka don ya yi masa daidai. Fuskarka daban ce.

Ka tafi shago da hular kwanonka. Na ga hula da bakinta ke saukowa ya danne saman tabarau ya toshe tsagogin nan, ko ya tura gumin goshi kai tsaye cikin gilashin. Ka sa su tare, ka sunkuyar da kai kamar kana kallon tayar gaba, ka girgiza kai. In ya zame a cikin shago mai sanyi, yaya kuma in gumi ya jiƙa shi a kan duwatsu?

Sai maganar shafin da ake yi wa gilashi a ciki. Yana aiki, amma ba yadda mutane ke zato ba. Ba ya hana ruwa zama. Abin da yake yi shi ne ya baje ɗigon su zama shimfiɗa ɗaya siririya da haske zai ratsa ba tare da ya watse ba. In danshin ya fi ƙarfinsa sai ya cika, ka fara ganin hanya tana rawa kamar ta ƙarƙashin ruwa. Kuma shafin yana da rauni. Goge shi da bakin riga da na yi ranar nan, ga ƙura ga gishirin gumi, kankare shi nake yi ban sani ba. Yanzu in na dawo gida ina ɗauraye shi da ruwa mai ɗan ɗumi, in girgiza, in bar shi ya bushe da kansa. In dole ne sai na taɓa cikin, da ƙyallensa mai laushi nake dannawa a hankali, ba na gurzawa. Wasu gilasan suna da wani shafi daban a waje mai sa ruwa ya dunƙule ya gangare, wannan don yayyafi ne da hazon da ke sauka daga waje, aikinsu ba ɗaya ba ne da na ciki.

Akwai wani dattijo da muke hawa tare, ma'aikacin walda ne, shekarunsa sun haura 50 amma a hayi ba ma kama shi. Tabarau ɗinsa na masu aikin gini ne, irin wanda ake sayarwa a shagon kayan aiki da 'yan riyaloli. Na taɓa ce masa, "Baba, wannan ai na wajen aiki ne." Ya cire ya nuna mini wasu ƙananan haruffa a kusurwar gilashin. A ƙa'idar Turai ta tabaran kariya, EN 166, harafin N yana nufin an gwada shi ya jure gumi, K kuma ya jure karcewa. Wannan gwaji ne da aka yi, ba rubutun talla ba ne a jikin kwali. An ce araha ba ta ado, kuma gaskiya ne ba shi da kyan gani, amma na sayi irinsa fari ƙal na ajiye a jaka, shi nake sawa in hazo ya yi kauri ko magariba ta riske mu a hanya.

Hazon nan kuwa ba wasa ba ne. Iska mai danshi tana tasowa daga Bahar Maliya ta ratsa Tihama, wato filin da ke bin gaɓar tekun, ta ci karo da bangon duwatsun Sarawat, ta hau sama ta huce ta zama gajimare a daidai inda muke tuƙi. Larabawa suna ce masa dabab. Ba irin hazon hunturu ba ne da Hajiya ke ba mu labarin Kano, mai ƙura mai busar da leɓe. Wannan jiƙa ka yake yi. Wani lokaci har hanyar Hada, wadda ke hawa dutse daga Makka zuwa Ɗa'if, ake rufewa saboda shi. Kana cikin rana tsaka, ka sha kwana ɗaya ka shiga farin duhu, ka sake fitowa rana.

Wannan ne ya sa duhun gilashi ya zama abin tunani. An kasa tabarau aji-aji daga 0 zuwa 4. Aji na 3, wanda yawancin tabaran rana suke, yana barin kashi 8 zuwa 18 cikin ɗari na haske ne kawai ya shiga. A bakin teku da azahar daidai ne, amma a ƙarƙashin ar'ar cikin hazo makanta ce, ba ka bambance rami da inuwa. Aji na 1 ko na 2, mai launin ruwan zuma ko ja-ja, ya fi fito mini da tsakuwa da saiwoyi. Aji na 4 ko mota ba a yarda a tuƙa da shi ba. Nawa mai canza launi ne da kansa, ya yi duhu a rana ya washe a inuwa, kuma na gamsu da shi, sai dai a sani cewa washewarsa ta fi yin duhunsa jinkiri, a sanyi kuma jinkirin ƙaruwa yake yi. In ka faɗa inuwa da gudu, akwai 'yan daƙiƙu da za ka rage gudu ka jira shi. Gilashin da ke kashe ƙyalli, wanda masunta ke so, na daina sa shi a dutse, domin ƙyallin nan shi ke gaya mini cewa dutsen gabana a jiƙe yake.

Abu biyu ba na sassauci a kansu. Dole a rubuta UV400 a jikinsa, alamar cewa yana tare hasken rana mai cutar da ido, saboda wannan hasken yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari a duk mita 1,000 na tudu, kuma hazo ba ya tare shi duka. Duhun gilashi ba shi ne kariya ba, fari ƙal ma yana iya samun ta, baƙi ƙirin kuma ya rasa. Sannan dole ya zama na roba mai tauri, polikabonet, wadda ba ta tarwatsewa in tsakuwa ta taso daga tayar na gabanka.

Sauran kuma ɗabi'a ce. Na daina jan ƙyallen wuya in rufe hanci a hayi, don numfashin sama yake bi ya shiga gilashi, abin da duk mai tabarau ya ɗanɗana a 2020 lokacin takunkumin korona. Ina ɗaura siririn ƙyalle a goshi ƙarƙashin hula ya tsotse gumi. In hayin ya yi tsawo ina ɗan zame tabarau ɗin zuwa tsakiyar hanci. Wurin da ya fi gumi shi ne daidai lokacin da ka tsaya bayan hawa, jiki na tafasa iska ta ɗauke, don haka da na tsaya nake cire shi in riƙe a hannu, in mayar kafin taya ta fara juyawa. Da gangare ya fara, iska na share ɗan abin da ya rage cikin daƙiƙu kaɗan. Dokar da muka kafa a tsakaninmu tun bayan ƙayar nan ita ce ba mai gangarawa da ido tsirara. In naka ya ƙi washewa, a jira ka, ko a ara maka.

Juma'ar da ta wuce mun koma wannan hanyar. An sare reshen, amma na gane kwanar. A ƙololuwa muka zauna muka buɗe fulas ɗin shayi, gwaggon birai na kallonmu daga kan wani dutse, hazo na hawowa daga ƙasa kamar an buɗe murfin tukunya. Ɗan yayata ya karɓi tabarau ɗina ya kara a bakin kofin shayi, ya ɗaga yana ƙirga daƙiƙun da zai ɗauka ya washe, sannan ya gwada nasa. Nasa ya daɗe. Ya ce, "Kawu, kafin mu tafi Abha sai ka raka ni shagon da ake sayar da irin na Baba." Dutsen Suda da ke kusa da Abha muke son hawa in an yi hutun Sallah, kusan mita 3,000, inda shi ma ake hazo mai kauri. Na ce masa ya taho da hularsa.