Randar ƙofar shagona da allon da ya kusa kashe ta

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, masu tafiya a ƙasa suka ƙaru a Katsina. Ni tela ne, shagona yana bakin titi wajen Ƙofar Kaura, don haka a idona ake wucewa: tsohon da a da yake hawa Napep zuwa babbar kasuwa yanzu takawa yake, mata da goyo, ɗalibai, leburori. Bayan ƙaramar Sallar 2024, cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, na sayi randa na girke a ƙofar shago da niyyar ladan ya kai ga mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. A wurin karatu na ji cewa Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi Annabi (SAW) sadakar da ta fi bayan rasuwar mahaifiyarsa, aka nuna masa shayar da ruwa. Ba ni da ƙarfin haƙa rijiya, amma randa ba ta fi ƙarfina ba.

Yadda ake girka ta kowa ya sani. Tsohuwar taya, a cika ta da yashi, a ɗora randar, a naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu, a rufe da faifai. Abin da zan ƙara kawai, moda biyu ake sawa, ta ɗiba daban ta sha daban, musamman da damina lokacin da ake fargabar kwalara.

Abin da ban zata ba shi ne yadda randar ta fita daga hannuna. Dattijon da ke kawo mini ruwa a kura, mutumin wajen Maraɗi, wata rana ya juye jarkokin da na biya, sai ya ɗauko wata ya ƙara. Na miƙa masa kuɗinta, ya janye hannu ya ce, "Malam, bar ni ni ma in samu rabona." Mutumin da guminsa ke ɗiga daga gemu, wanda jarkar nan ita ce cefanensa. Daga nan kullum sai ya ƙara. Wani ɗan Napep ya fara sauke ƙanƙara idan ya biyo da azahar, ko kashe injin ba ya yi. Wata mata da ban taɓa ganin fuskarta ba ta aiko yaro da sababbin modaye. Almajiran makarantar bayanmu suka ɗauki wanke randar da sassafe ba wanda ya sa su. Mutanen da ba su san juna ba sukan tsaya su gaisa, wannan ya ɗebo ya miƙa wa wancan kafin shi ya sha. Mai facin da ke gaba da mu ya girke tasa, mai shayi ma haka.

Sai wani abokina mai rubutun allo ya ga abin ya burge shi. Ina can Daura wajen ɗaurin aure, ya kawo allo mai kyau da fenti kore ya kafa a saman randar, da sunana baro-baro, da sunan shagon, wai sadakar ruwa daga wane. Da na dawo na ce masa a cire, ya ce, "Haba mutumina, ai don wasu su yi koyi ne." Maƙwabta suka sa baki, ga nauyin abota, ga shi da kuɗinsa ya sayi fentin. Allon ya zauna.

Wallahi kamar an yi ruwa an ɗauke. Masu sha ba su ragu ba, masu bayarwa ne suka ɓace. Ƙanƙara ta daina zuwa. Almajirai idan sun wanke randar sai su tsaya a bakin ƙofa suna jiran lada, kuma gaskiyarsu ce, tunda yanzu randar mai shago ce. A majalisar dare aka fara cewa wai takarar kansila nake shiri. Wanda ya fi ci mini rai shi ne dattijon nan. Ya juye ruwan da na biya, ya juya kurarsa. Na ce, "Baba, yau babu rabon?" Ya ɗaga kai ya dubi allon, duk da ba ya karatun boko an gaya masa abin da ke jiki, ya ce, "Ai yanzu ta Alhaji ce." Ni ko Makka ban je ba.

A nan na gane me ya sa suke zuba nasu tun farko. Randar ba ta da suna, don haka kowa yana ganin da shi a ciki. Mai jarka ɗaya ba ya jin ƙanƙanta, mai ƙanƙara ba ya jin yana yi wa wani talla. Da aka rubuta sunana, sai taimakonsu ya koma kyauta ga mai shago, kuma wane ɗan ga-ruwa ne zai riƙa yi wa tela kyauta? Duk tsawon lokacin da allon ke nan ni kaɗai na ɗauki kuɗin ruwa, a daidai lokacin da ruwan ya yi tsada saboda masu rijiyoyin burtsatse da man janareta suke jawo shi. Kuɗin bai dame ni ba kamar yadda wurin ya yi tsit, mutum ya sha ya leƙo ya ce "Allah ya saka, Yallabai" ya wuce, maimakon hirar da ake yi a da.

Na cire allon da hannuna, abokina ya yi fushi na ɗan lokaci. Na kuma matsar da randar daga ƙofar shagon zuwa gindin darbejiyar da ke tsakanina da mai faci, inda ba wanda zai ce ta wane ce. A hankali ƙanƙara ta dawo, modaye suka dawo, har wani ya kawo benci. Dattijon dai bai koma ƙara jarka a wurina ba, a randar mai shayi yake zuba rabonsa yanzu, kuma ban ga laifinsa ba.

Duk wanda ya zo tambayata yadda zai girka tasa, kafin maganar taya da yashi nakan ce masa ya nisanta ta da ƙofarsa, kada ya zauna yana kallon masu sha, kada ya bari a ɗauki hotonsu a sa a Facebook. Idan kuma yana da aboki mai fenti, ya ja masa kunne tun kafin ya yi tafiya.